Ƙofar Bayan Motar Baba

Yaya Uwaisu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya da iyalinka a Fatakwal. Allah ya ƙara rufa asiri. Mu nan Gwarzo kalau, sai tsadar mai da ta sa kowa ya koma tafiyar ƙasa.

Dalilin wasiƙar nan motar da ka aiko wa marigayi Baba ce, mai ƙofar baya da ke ɗagawa in an danna maɓalli. Ka tuna duk Juma'a ƙaninmu Tasi'u kan buɗe ta ya saka keken guragun da ake tura Baba a kai, su tafi masallaci. To, tun bayan sadakar arba'in, kowace Juma'a da hantsi sai ƙofar ta ɗaga da kanta, ta tsaya a buɗe kamar tana jiran wani, ga makulli a aljihun Tasi'u.

Tasi'u ya kai motar Kabo wurin Jalo mai gyaran wayar mota, na bi shi. Jalo ya ce ruwan damina ne ya shiga ƙwaƙwalwar ƙofar, wani ɗan akwati da ke ba ta umarni, sai an sauya. Ya cire batir, ya kwance tsohon akwatin. Yaya, akwatin yana hannunsa, rana tsaka, ƙofar ta ɗaga a hankali. Ya ce wataƙila sandunan da ke tallafe ta ne. Ya yi bisimilla ya ɗaura sabo.

Muka samu lafiya har Malam Mahbub limami ya ce mu daina zancen, kada mu faɗa camfi. Sai ranar Talatar nan Inna ta fito za ta barka maƙwabta. Tana zuwa daidai motar, ƙofar ta buɗe. Ban ga tsoro a fuskarta ba. Ta daɗe tana duban inda ake ajiye keken, sannan ta ce ta ji, a ɗan ƙara mata haƙuri. Ta fasa fitar, ta koma ɗaki ta raba zannuwanta.

Lafiyarta lau, tana cin abinci. Gaibu sai Allah. Amma ta ce in rubuto maka kada ka jira hutun Salla, ka taho yanzu.

Ka gaida Anti Badi'a da su Najmuddeen. Tasi'u na gaisuwa.

Ƙanwarka,
Sa'adiya