Ɓeran da Ke Cin 'Ya'yan Furen Rana

Litinin, 2 ga Satumba
Furannin Baban yara sun fi katanga tsawo, kawunansu kamar faranti. Furen rana, wai. Tun da ya yi ritaya ya daina magana da mutane, sai da su. Da safe na ji yana ce wa ɗaya, "Kin kwana lafiya?" Ni da na kawo masa shayi ko kallo ban samu ba.

Alhamis, 5 ga Satumba
Tsuntsaye sun gano su. Na dawo kasuwa na tarar ya ɗaure kan kowane fure da mayafaina. Har da sabon. Maƙwabciya ta leƙo, ta ɗauka baƙi muka yi, ta gaishe su.

Asabar, 14 ga Satumba
An yanke, an shanya, an murje. Duk tsakar gida ƙaiƙayi. Ya jiƙa wasu daga cikin 'ya'yan a ruwan gishiri, ya ce gobe suya. Na ce kawo in soya maka. Wai a'a, "ba ki san halinsu ba."

Lahadi, 15 ga Satumba
Kaskona! Ya ƙone ƙurmus. Hayaƙi har titi. Na rantse ko ƙwaya ɗaya ba za ta shiga bakina ba. Ya zauna yana kankare kaskon da cokali. Sai na ga yadda wuyansa ya rame. Ban so na gani ba.

Laraba, 18 ga Satumba
Suya ta biyu ta yi, ya cika kwalba. Da ya fita na ɗanɗana ɗaya, don kawai in san abin da zan kushe. Gishiri ya yi yawa. Na ƙara ɗaya don in tabbatar. Ɓawon na tura ƙasan kwandon shara.

Juma'a, 20 ga Satumba
Kwalba ta yi rabi. Ya ɗaga ta yana dubawa, ya ce, "Maman yara, ɓera ya shigo gidan nan." Na ce ƙwarai, ni ma ina jin motsinsa. Ya ce, "Ɓera mai buɗe murfi ya mayar. Allah mai iko." Ya aro kyanwar maƙwabciya. Ta cinye min kifi, ta kwanta a kan kujerarsa.

Lahadi, 22 ga Satumba
Ya sake suya. Ya ajiye min a ɗan kwano kusa da keken ɗinki, ya ce, "Na rage gishirin. Na lura ɓeran yana yawan shan ruwa." Ya yi dariya har da tari. Rabon da in ji wannan dariyar, na manta.
Muka zauna a inuwa muna ɓarewa, yana ba ni labarin wurin aikinsu, har abinci ya kusa kamawa. Wai baɗi duk tsakar gidan zai shuke. Na ce ba ruwana.
Ɗanyun da suka rage na ƙulle su a tsumma, na sa a saman kabad. Don kada su yi danshi ne kawai.