Tabon da Ke Yatsan Hadiza

Daren Laraba, Batsari

Barci ya ƙi zuwa. Yau a ajin kemistiri aka ba mu wani ruwa mu gano sinadarin da ke ciki. Silba naitiret ɗin makarantar, sinadarin da ake gwajin da shi, saura kaɗan a gindin kwalba, don haka Malam ya ce mutum ɗaya zai ɗiga. Na ɗaga hannu har kafaɗata ta ƙage, sai ya kira Hadiza. Hadizar Baffa, wadda kullum a wurina take kwafar aikin gida!

Ta ɗiga, ruwan ya yi fari kamar nono. Ta tsaya tana zare ido. Na raɗa mata, "Kuloraid." Ta faɗa da ƙarfi, Malam ya ce a tafa mata. Har da ni a masu tafin.

Ashe sinadarin ya taɓa yatsanta. Kafin mu iso gida rana ta mayar da wurin baƙi ƙirin, ya fi lalle kamawa. Inna ta riƙe yatsan tana cewa, "Likitarmu ke nan!" Ni ko kallona ba ta yi ba.

Da magariba na goga baƙin tukunya a nawa yatsan, in ga ko zai yi mini kyau. Alwalar isha'i ta tafi da shi.