Muryar Da Na Ba Ki Ajiya

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa in rana ta take, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa,

Ina gaishe ki gaisuwar mai ciwo a ƙirji, da fatan kina lafiya, ke da Mama da kowa na gida.

Kin tuna yammar da na taso daga sabon wurin aikina na zauna a bencin ƙofar gidanku, ko katin aiki ban cire daga wuya ba? Na gaya miki abin da na ɓoye wa mahaifiyata: Turancin da na ci jarrabawa da shi ba shi ake yi a ofis ba. Shugabar sashenmu ta wuce ta jefo mini gaisuwar nan tasu ta kan hanya, wadda ba a jiran amsarta, ni kuwa na miƙe tsaye ina ba ta rahoton aikin mako, na bi ta da bayani har bakin matakala. Mutanen ofis su gutsure kalma, su haɗiye rabi, su kwashe da dariya, ni sai kowa ya gama nake murmushi. Kika rufe ƙamus ɗin da ke cinyata, kika ce wannan yaren a baki yake, ba a takarda ba. Kika ce in riƙa naɗar muryata ina gwadawa, in turo miki ke kaɗai ki gyara. Ke kaɗai! Maganarki ce, ban ƙara ko harafi ba.

Wayyo daɗin wancan lokaci, tauraruwata! Ina zagayawa bayan ofis, kusa da janareta inda ba mai ji na, in yi ta tuntuɓe da harshe kamar ɗan tsuntsun da ke koyon tashi. Amsarki ta zo da taushi kamar iskar bayan ruwa, in ji duniya ta yi mini faɗi. Wa na taɓa bari ya ji ni haka, ba ado, ba shiri?

Ranar Asabar na kai wa Yayarki maganin da kika aike ni da shi. Mijinta ya tare ni a falo, ya yi mini gaisuwar nan da na daɗe ina fama da ita, da in'inata sak, da ɗan tarin da nake yi in na rikice, sannan ya ɗaga hannu ya ce a'a, bari in sake. Yara suka zube a kujera don dariya. Yaya ta toshe baki da mayafi ta shige kicin.

Kin san halina, ba na yanke hukunci da ka. Na duba wayata: ban tura wa kowa saƙonnin ba sai ke, kuma ba wanda ya san lambar buɗe ta. Wannan tarin da wannan “bari in sake” ba su da gida sai cikin abin da na turo miki. Na so in sami kuskure a lissafina, wallahi na so, ban samu ba.

Haba, zumar raina! Ashe ina can bayan janareta ina gumi, ana nan ana miƙa ni hannu zuwa hannu? Yaya za a yi furen da na shayar ya zama shi ne mai ƙaya? Tun ranar na koma bebe a ofis. A gaishe ni in gyaɗa kai. In na buɗe baki sai in ji dariyar falon nan ta cika kunnena. Ga shi jibi ni zan yi bayani a taron sashe, a gaban mutanen da nake tsoro tun farko.

Ban ce ki rantse ba, ban ce ki yi kuka ba. Ki faɗa mini su wa suka ji, kada ki rage ko mutum ɗaya, don in san idon da zan iya kalla. Sannan ki goge su da hannunki ina gani. Idan kuma har yanzu abin na ba ki dariya, ki yi ta a gabana. Ni na fi kowa haƙƙin jin ta.

Jibi zan tashi in yi magana, da in'inar da komai. Ina so in san ko kina bayana ne, ko kina cikin masu jira in yi tari.

Naki har ƙarshen numfashi, wanda ya gwada daina son ki ya kasa.