Dutsen da Ba Ya Kumfa

Litinin, 3 ga Maris
Yaya ya fara haƙa rami a bayan gonarsa. Wai tunda kamfaninmu na haƙar ma'adinai ya huda tudun nan ya ce akwai zinare, shi ma ba za a bar shi a baya ba. Wuni nake a ɗakin gwaji ina ɗiga asid a kan duwatsu, amma hankalina yana can.

Alhamis, 6 ga Maris
Na yi masa bayani har bakina ya bushe. Dutsen farar ƙasa ne. Tun zamanin da ba mutane, ruwan zafi ya taso daga ƙarƙashin ƙasa ya cinye cikinsa, ya bar zinare a gurbin, ƙanana ƙwarai, ido ba ya gani, wanki a kwano ba ya fitar da shi. Abin da ruwan ya bari kuwa ruɓaɓɓe ne, rufta masa zai yi.
Ya ce, "Auta, ke dai ki ci gaba da wasa da kwalabenki."

Asabar, 8 ga Maris
Na kasa zama, na kasa kwanciya. Tsoro nake ji.

Lahadi, 9 ga Maris
Na je wurin Yaya da kwalbar asid. Na ɗiga a kan farin dutse, ya yi kumfa: lafiyayye. Na ɗiga a kan baƙin da ya fito da shi daga hagun ramin, shiru. Na murje shi da yatsa kamar busasshen burodi, don ya tsorata. Sai idonsa ya yi haske.
"Wato nan ruwan naki ya bi ke nan?"
Kaicon bakina!

Laraba, 12 ga Maris
Matarsa ta zo ofis, goye da jaririya. "Ke yake jin maganarki, don Allah ki fito mini da shi." Ina fa! Duk da haka na kai baƙin dutsen an auna, don in rufe masa baki. Sakamakon ya nuna zinarensa ya fi duk na kamfani. Sau uku ina karantawa.

Asabar, 15 ga Maris
Na sauka ramin da kaina in ce masa ya isa haka. Ƙasa tana zubo mini a wuya. Ya haska bango, ya ce, "Dama ko hagu?" Dama fari ne, mai ƙarfi, ba komai a ciki.
Matarsa tana bakin ramin lokacin da muka fito. Na ce mata na yi masa magana. Ai na yi.
Hagu na ce masa.