Jar Fitilar da Baba Ya Bi

Yaya Sjoerd,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da iyali kuna lafiya a can Kanada. Allah ya ƙara lafiya, ya sassauta muku sanyi. Mu nan ƙalau. Ƙafar Gwaggo Riek ta yi sauƙi, kasuwa kuma sai godiya, cuku na tafiya kamar kyauta nake rabawa.

Bari in fara da yabon 'yan babur ɗin garinmu, don sun cancanta. Ina ka taɓa ganin tausayi irin nasu? Ƙarti ɗari uku, kowa da jar riga da gemun auduga na Baban Kirsimeti, su tare titi, su cika gari da ƙara, duk don kai wa yaran asibiti kayan wasan da mota ɗaya za ta kwashe. Ashe rigar tana da wani amfanin da ban sani ba sai ranar Asabar: tsohon da likita ya hana tuƙi yana iya ɓuya a cikinta.

Ka san tun Satumba aka ce idon Baba ba na hawa titi ba ne. Ina cikin yanka wa wata cuku maƙwabciyarsa ta bugo waya, wai gareji a buɗe, babur ba ya nan. Na bar rumfa na ruga filin da suke taruwa, na bi su ɗaya-ɗaya ina ɗaga gemu kamar mai taya kaji. Wani ya ce in miji nake nema in bari a dawo tukuna. Harm mai faci ya rantse bai ga Baba ba, yana rantsuwar yana kallon takalminsa. Na ce to ya goya ni. Ya ce ba a shiga ayari sai da riga da kyauta. Haka na hau, cikin rigar aro mai warin taba, gemu har ƙirji, rungume da 'yar tsanar da aka cusa mini.

A kan gada na gano shi. Babura huɗu sun sa nasa a tsakiya, gaba da baya, dama da hagu, kamar masu rakiyar amarya. Tsofaffin abokansa ne, Joop a gaba. Sai a nan Harm ya amsa cewa mako biyu suka yi suna gwadawa a bayan kamfanin madara.

Mun isa asibiti lafiya. Na tsaya kusa da Baba, bai san ni ce ba, ya taɓo ni yana tambaya wai ko yaran sun leƙo. Yaya, tagogin suna gabansa, cike da yara suna ɗaga hannu. Da ya ji muryata sai ya ce tun daga fili ba abin da ya gani sai jar fitilar bayan babur ɗin Joop. Na zare makullin babur ɗinsa. Bai hana ni ba.

Yau kwana huɗu bai ce mini uffan ba. Ina kai masa miyar wake, ya shanye, ya turo kwano. Joop ya zo har rumfa ya ce na binne mutum da ransa. Na ce gara haka da in binne shi da gemun auduga. Amma ni ma na kasa zama wuri ɗaya, ko ciniki nake hannuna na cikin aljihu yana laluben makullin. Baba ya gaya wa Gwaggo cewa kai ka san babur, kai za ka raba gardama ranar Kirsimeti in ya kira ka. Ido wa ka raina? Wanda nake gani yau da gobe.

Ka gai da Anouk, da Tjerk da 'yar auta Lieke. Gwaggo Riek tana gaishe ku.

Ƙanwarka da ke riƙe da makulli,
Tjitske

Af, in ka ce a mayar masa, wane jirgi za ka hawo ka zo ka riƙe masa fitilar?