Muna Cike Rami da Gonar Yayana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, akwai mutanen garinmu a nan. Ku taimaka mini da shawara, kaina ya kulle.

Ni ɗan kabu-kabu ne a wani ƙauye cikin ƙasar Dungas. Shekarun baya masu aikin hanya suka haƙi jar ƙasa a bayan garinmu, suka kwashe da kamyo, manyan motocin nan na ɗaukar kaya, suka bar mana ƙaton rami, shi muke ce wa kariyar. Da damina cika yake ya batse. Bara ya cinye mini 'yata Hadiza, ko lakwal, wato makarantar boko, ba ta shiga ba. Har yau ba na iya bin hanyar nan da moto, wato babur ɗina.

Bayan sadakar arba'in na bi gari gida gida, na ce mu cike ramin nan da hannunmu, tunda waɗanda suka haƙa ba dawowa za su yi ba. Maigari ya sa aka yi shela, aka sa gayya duk mako, mai amalanke ya kawo, mai shebur ya kawo, mata na kai fura. Har waɗanda ba sa ga maciji da juna na gani suna loda amalanke ɗaya, wallahi na ji sanyi a raina.

To amma ina za a ɗebo ƙasar? Yayana Isuhu ya ce a rushe tudun da ke gefen gonarsa. Tudun ya ƙare tun tuni, ba wanda ya ce a tsaya, yanzu cikin gonar ake ci, daidai inda ya shekara yana zuba taki. Ita kaɗai gare shi, da ita yake ci da gidansa. Kuma shi ne farkon zuwa da jakinsa. Matarsa ta faɗa wa matata wai ta yi masa magana, ya ce da wane baki zai ce wa uban Hadiza a daina.

Na ta da maganar a ƙofar masallaci, na ce kowa ya ba da kaɗan daga tasa gonar. Nan aka yi caa, wannan ya ce tasa rairayi ce, wancan ya ce tasa da nisa, wani ya ce ai ni na tara su, in na gaji sun fi ni gajiya. Gayyar da ta biyo baya ko rabin mutane ba su fito ba.

Shekaranjiya aka yi ruwan farko. Kariyar ko rabi ba mu cike ba, ga wurin da muka haƙa a gonar Yaya ya tara ruwa har gwiwa, kuma ya fi kariyar kusa da gidaje. Na tarar da autansa Sani a bakin ruwan yana kamun kwaɗi. Na doke shi dukan da ban taɓa yi wa yaro ba, yana kuka ina kuka.

Don Allah yaya zan yi? In na ce a tsaya, gayya ta watse, ramin da ya ci 'yata yana nan buɗe. In na yi shiru, na cinye gonar ɗan uwana. Ga damina ta kama. Bara rami ɗaya gare mu, bana biyu, na biyun kuwa ni na tara mutane suka haƙa a ƙofar gidan yayana.