An Sasanta, Sani Yana Ruwa

Zuwa ga Yaya Rabi,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikinki, ya maigidan, ya su Ummi? Mu nan Yelwa lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Labarin ɗan'uwanmu Sani ne. Tun da malaman jami'a suka shiga yajin aiki, duk ran da rediyo ta ce ƙungiyarsu ta zauna da hukumar makaranta, sai Inna ta yi mishi bandar kifi ta guzurin komawa makaranta. Sau uku zaman na watsewa, mu cinye kifin. Ran Talata ya ce, "Inna, bar ɓarnar itace, waɗannan ba su shiryawa." Ya bi jirgin Kawu Audu kamun kifi can bayan Wara, sai sati biyu.

To, jiya da kunnena na ji an sa hannu a yarjejeniya. Litinin za a koma, jarrabawa nan take, wanda bai zo ba ya maimaita shekara. Baba ya aika ta masu jirgin kasuwa, har yanzu shiru.

Ki taya mu addu'a saƙon ya iske shi. Gaishe min da kowa. Inna dai ta sake hura wuta.

Ƙanwarki,
Hadiza